Akuyar da ta fi cika ƙwarya, madararta ta fi zama tsululu: a ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Rigachikun ce, ina da jajayen awaki biyar da nake tatsa ina yin kindirmo ina sayarwa a cikin unguwa. Bara maigidana ya saya mini wata farar akuya ruwa biyu, an ce ubanta Sanen ne, irin awakin Turai masu madara. Wata biyu ke nan da haihuwarta, kuma ita kaɗai tana ba ni madarar da ta kai ta jajaye uku. Sai dai madarar tsululu take, kindirmon ba ya kamawa, ruwa yake tsatsowa a sama, har wata mai saye ta ce wai na fara algus. Na ƙara mata dusa don madarar ta yi kauri, abin sai ya ƙara lalacewa. Shin haka yake, duk akuyar da ta fi yawan madara tata ba ta da kyau? In sayar da ita ne in ƙaro jajaye?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a kiwo, ya ƙara kasuwa.

Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko yawan madara da kaurinta ba sa haɗuwa a jikin akuya ɗaya, me ya sa dusa ta ƙara ɓata abin, sannan ko farar nan ta cancanci turkenta. Bari in fara kwantar miki da hankali. Abin da idonki ya gani gaskiya ne, masu kiwon awakin madara a ko'ina sun san shi: akuyar da ta fi zuba, galibi maiƙon da ke cikin kowane ludayi na madararta bai kai na wadda take ba da kaɗan ba. Amma wannan ba ya nufin tana ba ki maiƙo kaɗan. Yawanci ma ta fi ba ki, sai dai ya bazu cikin ruwa mai yawa. Wani ɓangare na tsululun halitta ne, ba yadda za ki yi da shi. Wani ɓangaren kuma, ina kyautata zato, daga hannunki ne, kuma yana gyaruwa cikin mako biyu ko uku.

Abin da ke cika hantsa

Madarar akuya kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Sauran shi ne maiƙo, da furotin, da sukarin madara wanda ake kira laktos, da gishirin jiki irin su kalsiyam. Waɗannan ba tafiyarsu ɗaya ba. Sukarin madara shi ne mai jawo ruwa. Duk lokacin da hantsa ta haɗa shi, ruwa yana biyo shi daga jini har sai ƙarfin madarar ya daidaita da na jinin. Shi ya sa in kika auna madarar awaki goma masu lafiya, za ki tarar sukarin bai cika wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ba, ko wace iri ce akuyar. Akuyar da jikinta ya iya haɗa sukari da yawa, ita ce mai cika ƙwarya. Maiƙo da furotin kuwa ta wata hanyar ake haɗa su, kuma ba dole ba ne su ƙaru daidai da yadda ruwan ya ƙaru. Suna ƙaruwa, amma ruwan yana rigansu.

Ki ɗauki miya. Tukunyar gida ta mutum biyar kin zuba mata manja ludayi ɗaya, ta yi jawur. Tukunyar suna kuma an zuba mata ludayi uku, amma da yake ruwanta ya ninka sau biyar, mai leƙawa zai ce an yi rowar mai. Alhali wadda ta fi shan manja ita ce ta sunan.

To mu yi lissafin da alƙaluma, a matsayin misali, tunda ban auna naki ba. A ce farar tana ba ki lita 2 a rana, maiƙonta kashi 3.5 cikin 100. Maiƙo giram 70 ke nan. A ce ja ɗaya tana ba ki lita 0.7, maiƙonta kashi 5.5. Giram 38 da ɗoriya ke nan. Ludayi da ludayi, ja ta yi wa fara fintinkau. Rana da rana kuwa, fara ta kusa ninka ja a maiƙo. Haka abin yake a furotin. Masana gadon dabbobi sun daɗe da tabbatar da wannan: yawan madara da kason maiƙo suna ɗan ja da juna, amma yawan madara da jimillar giram ɗin maiƙo da furotin suna tafiya tare ƙwarai. Jan da suke yi da juna ba mai tsanani ba ne, shi ya sa ake samun akuyar da ta haɗa biyun, sai dai ba a kowane garke ba.

Akwai wani tsohon ma'auni da ma'aikata ke amfani da shi don a yi wa dabbobi biyu adalci. Ana ninka nauyin madarar da 0.4, a ninka nauyin maiƙon a kilo da 15, a haɗa. Abin da ya fito shi ne yawan madarar da za ta kasance da a ce maiƙonta kashi 4 ne cif. A misalinmu, fara za ta tashi da 1.85, ja kuma kusan 0.86. Wato ratar da idonki ke gani ta ninki uku, in an cire rinjayen ruwa, ta koma ninki biyu da kaɗan. Wannan ninki biyun shi ne ainihin fifikon farar, kuma da shi za ki auna abin da take ci.

Jini

Sanen akuyar Suwizalan ce, kuma shekara da shekaru ana zaɓenta saboda yawan madara. A ƙasashen sanyi, da abinci wadatacce, tana ba da lita 3 zuwa 4 a rana, maiƙonta kuma yana tsakanin kashi 3 da 3.5. A cikin sanannun awakin madara tana cikin masu mafi ƙarancin maiƙo. Nubiyan, mai dogayen kunnuwa, wadda aka fitar a Ingila daga haɗin awakinsu da na Afirka da Indiya, ba ta kai Sanen zuba ba, amma maiƙonta yana kai kashi 4.5 zuwa 5. Jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi, wadda duniya ta fi sani saboda fatarta, a kiwon gida madararta ba ta cika wuce rabin lita zuwa lita ɗaya ba, maiƙon kuwa yana kai kashi 5 har 6. Abin sha'awa, gajeriyar akuyar kudu da muke rainawa a kasuwar Zango, ita aka kai Amurka aka fitar da iri daga jininta, kuma masu yin cuku a can suna ji da ita saboda madararta ta fi ta manyan awakinsu maiƙo.

Taki ruwa biyu ce, don haka a ƙa'ida tsaka-tsaki za ta tsaya. Ba za ta taɓa yin kaurin ja ba, amma bai kamata ta yi tsululun da har za a zarge ki da algus ba. Wannan ne ya sa nake ganin akwai wani abu bayan jini.

Kafin in bar maganar jini, akwai abu ɗaya da ya shafi kindirmo kai tsaye. Abin da ke sa madara ta kama ba maiƙo ba ne da farko, wani nau'in furotin ne da ake kira kasin. A awaki, ƙwayar gadon da ke sarrafa wani kashi na kasin ɗin ta bambanta sosai daga akuya zuwa akuya: wata tana haɗa shi da yawa, wata kaɗan, wata ma ba ta haɗa shi sam. Masu bincike a Faransa sun yi aiki mai yawa a kan wannan tun shekarun 1980 saboda masana'antar cukunsu, har ya shiga cikin yadda suke zaɓen bunsuru. Akuyar da ta gaji mai rauni, ko me aka ba ta, kindirmonta zai yi laushi. Abinci ba ya canza wannan.

Kin yi mata hukunci a lokacin da bai dace ba

Kin ce wata biyu da haihuwarta. Madarar akuya ba ta tsayawa wuri ɗaya daga haihuwa zuwa ƙafewa. Kwanakin farko dakashi ne, mai kauri, cike da furotin da kariya ga ɗan. Daga nan madara ta riƙa ƙaruwa har ta kai ƙololuwa tsakanin mako na 4 da na 8, kuma a daidai wannan lokacin ne kason maiƙo da furotin ke sauka ƙasa. Bayan nan yawan ya fara raguwa a hankali, kaurin kuma ya riƙa dawowa. Wato yanzu farar taki tana kan ganiyar zubarta, tana kuma kan mafi tsululunta. Ki duba jajayen: in wasunsu sun yi wata uku ko huɗu da haihuwa, kina gwada mai tashe da masu shirin ƙafewa ne. Nan da wata biyu za ki ga madarar farar ta sauya ko ba ki taɓa komai ba.

Haihuwa ta nawa ce ma yana da tasiri. Akuya ta fi zuba a haihuwa ta uku da ta huɗu, mai tagwaye kuma ta fi mai ɗa ɗaya.

Maganar dusa

Nan ne nake son mu daɗe, don nan na fi ganin mutane suna faɗawa, kuma da kyakkyawar niyya. Hankali yana ba mutum cewa madara ta yi ruwa, to a ƙara abinci mai nauyi. A jikin mai tuƙa abin a juye yake.

Akuya ba ita ke narka ciyawa ba. Ƙananan halittu ne a tumbinta suke ruɓar da abin da ta ci, su fitar da wasu sinadarai masu tsami da jikinta ke sha. Idan abincin mai zare ne, kamar harawa da ganye da busasshiyar ciyawa, sinadarin da ya fi fitowa shi ne wanda hantsa ke gina maiƙo da shi. Idan kuma abincin mai gari ne, kamar dusar masara da tsaki da ragowar tuwo, wanda ya fi fitowa shi ne wanda hanta ke juyawa zuwa sukari. Sukari kuwa, mun faɗa, shi ke jawo ruwa cikin hantsa. Kin ga ke nan: da kika ƙara dusa, kin ƙara mai jawo ruwa, kin kuma rage mai kawo maiƙo, domin akuyar da ta ƙoshi da dusa ba za ta kula harawa ba. Garin neman ƙiba an samo rama.

Abin bai tsaya nan ba. Harawa tana sa akuya ta yi ta tuƙa, tuƙa tana kawo yawu, yawun kuma yana kashe tsamin tumbi kamar yadda kanwa ke kashe tsamin miya. Dusa ba ta buƙatar tuƙa. In ta yi yawa, tumbi ya yi tsami fiye da kima, halittun da ke narka zare su raunana, maiƙo ya ƙara faɗuwa. A gaskiya akuya ta fi saniya jure wannan, amma juriyar tana da iyaka, kuma dusar injin niƙa ta unguwa sau da yawa rabinta gari ne.

Na taɓa zuwa wani gida a wajen Mararrabar Jos, wani ma'aikaci da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a awakin madara guda takwas. Kukansa irin naki ne. Na isa da hantsi. Ban fara da madarar ba, na tsaya bakin garken ina kallo. Awaki takwas a kwance, biyu kaɗai ke tuƙa. Kashinsu, maimakon ya fito ƙwaya-ƙwaya ya warwatse, a cure yake kamar na kare, wata ma bayanta duk ya ɓaci. A kusurwa ga baho cike da jiƙaƙƙiyar dusa tun ta safe, ta fara tsami, ƙudaje sun rufe ta. Harawar kuwa tana can kan rufin ɗaki, wai ana tattalinta saboda tsada. Na ce masa Alhaji, awakin nan ba yunwa suke ji ba, ƙwannafi ne ke damunsu. Abin da muka yi bai taka kara ya karya ba: harawa da sassafe kafin komai, sai bayan awa ɗaya a ba da dusa, a raba ta kashi uku a yini, a rage kusan sulusinta a hankali cikin mako guda. Madarar ta ɗan ragu a kwanakin farko, har ya kira ni ransa a ɓace. A mako na uku matarsa ce ta karɓi wayar ta ce nonon ya fara kamawa.

Ga abin da nake ba masu akuya irin taki shawara. Harawar wake ko ta gyaɗa ta zama ita ce ginshiƙi, kada abinci mai gari ya wuce rabin abin da take ci a yini. Dusa kamar giram 300 zuwa 400 kan kowace lita da take bayarwa ta isa, kuma kada ta zama dusar masara zalla. Ki haɗa da ƙowar wake da ɗan dakakken ƙuli-ƙuli ko dusar angurya, domin masara ba ta da furotin sosai. Angurya ita kanta, tafin hannu ɗaya a rana, tana taimaka wa maiƙo, don awaki suna amsa abinci mai ɗan mai da kyau, sai dai kada 'ya'yan da ba su fara tuƙa ba su ci. 'Ya'yan gawo in kin samu, alheri ne. Ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kuwa ki zubar, kada ki ce dabba ce, gubarsa tana bi ta madara ta isa cikin yaran da za su sha. Duk canjin da za ki yi, ki yi shi sannu a hankali.

Kada kuma ki sa rai da yawa a kan furotin. Maiƙo shi ne mai saurin hawa da sauka da abinci. Furotin ɗan motsi kaɗan yake yi, sukari kuwa kusan ba ya motsi.

Akwai kuma kaurin da ba abin murna ba ne. Da rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta ƙare, za ki ji mata suna yaba kaurin madarar awakinsu. Akuya ce ta rasa abin haɗa sukari, ruwan ya ragu, tana kuma narka kitsen jikinta tana zubawa a hantsa. Rabin kofi mai kauri daga akuyar da haƙarƙarinta ke ƙirguwa ba riba ba ce. Da damina kuma, ɗanyar ciyawa sabuwar tsirowa ruwa ce mafi yawanta, madara ta ƙaru ta tsinke. Maganinsa a ba su busasshen abu kafin su fita.

Wa ke shan ƙarshen hantsa?

Wannan tambayar ba ki taɓo ta ba, amma ina so ki duba. Madarar da ke fara fitowa in an kama nono ita ce mafi ruwa. Maiƙo yana maƙalewa can sama cikin hantsa, sai a ƙarshen tatsa yake saukowa. Yawancin gidaje ana tatsar rabi ne a sakar wa ɗan sauran. A jar akuya ba a cika lura ba, saboda madarar da ma mai kauri ce kuma tatsar ba ta da tsawo. A farar kuwa, hannu yana gajiya, ƙwarya ta cika, sai a ce ya isa haka. Ke kin kwashi ruwan, ɗan ya shanye man.

Gani ya kori ji. Gobe da safe ki samo kofunan gilashi biyu. Ki tatsi farkon a ɗaya, ki ci gaba a ƙwarya, in hantsa ta kusa yin laushi ki shafa ta daga sama ki tatsi ƙarshen a na biyun. Ki ɗiga kowanne a kan farcenki: na farko zai gangare nan take, na biyu zai tsaya ya bar fari. In kina da firji ki ajiye su kwana ɗaya ko biyu ki ga bambancin abin da zai taso. Na ce kwana biyu saboda ƙwayoyin maiƙon madarar akuya ƙanana ne, ba sa saurin haɗuwa su taso kamar na saniya. Kada kuma ki nemi launin ɗorawa. Akuya tana juya sinadarin da ke ba man shanu launinsa zuwa bitamin A, shi ya sa madararta da manta farare ne fat ko da maiƙon ya kai ina. Mata da yawa da suka saba da nonon Fulani suna yi wa madarar akuya kallon marar mai saboda wannan kawai.

Gyaran shi ne ki bar wa ɗan nono ɗaya gaba ɗaya, ke ki tatse ɗayan tas, gobe ki sauya. Ko ki raba su da dare, ki tatse duka da safe, ya bi ta da rana. Ki kuma sani madarar safe, da yake ta daɗe tana taruwa, ta fi yawa ta fi ruwa, ta yamma ta fi kauri. Ki haɗa su.

Ciwon hantsa da zafi

Ki tabbatar hantsar lafiya take. Ciwon hantsa yana rage madara, ya rage sukarinta da kasin, gishiri ya ƙaru, kindirmo ya ƙi kamawa. Ki tatsa kaɗan a kan baƙin faranti ki duba ko akwai gudaji ko zare-zare, ki ɗanɗana ko da gishiri-gishiri, ki taɓa ko ɓangare ɗaya ya fi zafi ko tauri. Akwai wanda ba ya nunawa a ido, sai likitan dabbobi ya gwada. Idan kuma an yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan, wannan kaɗai ya isa ya hana nono kamawa, don maganin yana kashe irin da kika zuba, kuma bai kamata a sayar da madarar ba sai kwanakin da aka rubuta a kwalbar sun cika.

Zafin Kaduna na Maris da Afrilu ya fi dukan mai jinin Sanen. Tana rage ci, abin da take fara bari kuma harawa ce. Inuwa, da ruwa a gabanta kullum, da ba da harawa da asuba da bayan magariba. Kada wani ya ce miki a rage mata ruwa don madara ta yi kauri. Madarar ce za ta ƙafe.

A tukunya

Ko da komai ya daidaita, kindirmon akuya bai kai na saniya tauri ba, haka kasin ɗinsa yake. Abu mafi sauƙi shi ne ki daina yin na farar daban. Ki juye madarar awakin shida wuri ɗaya. Da alƙaluman misalinmu, lita 2 ta fara da lita 3.5 ta jajaye za su ba ki lita 5.5 mai maiƙo kusan kashi 4.8, wanda ya fi na yawancin madarar shanun da ake yin yogot da ita. Sannan ki dafa madarar har ta kusa tafasa, ki rage wuta, ki bar ta kamar minti 15 zuwa 20 kina juyawa. Wannan yana rage ruwa, yana kuma sa wani furotin da da zai bi ruwan tsatso ya manne da kasin ya riƙe ruwan. Dafawar tana kuma kare ku daga bakkale, cutar ɓarin dabbobi da ke kama mutum ta ɗanyar madara. Ki bari ta huce zuwa ɗumin da yatsa zai jure, ki zuba iri mai kyau, ki rufe, kada a motsa ƙwaryar har ta kama. Tsami in ya wuce kima shi ma yana fitar da ruwa, don haka da ta kama ki kai ta wuri mai sanyi.

Ita kuwa mai zargin algus, ki gayyace ta ta tsaya a yi tatsa a gabanta. Akwai ɗan ma'aunin gilashi da ake tsomawa a madara, wanda masu sayen madara ke amfani da shi, amma nauyi yake aunawa ba maiƙo ba. Maiƙo ya fi ruwa rashin nauyi, don haka madarar da aka kwashe wa mai tana iya nuna lamba mai kyau fiye da mai maiƙo. Yana kama wanda ya zuba ruwa, amma ba zai gaya miki wace akuya ce ta fi ba.

A sayar ko a bari?

Ni dai da tawa ce ba zan sayar yanzu ba. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai: cikar ƙwarya ba ita ce riba ba. Ki samu littafi. Mako biyu, ki rubuta abin da kowace akuya ta bayar safe da yamma da kofi ɗaya da ba ya canzawa, da abin da kika kashe mata na harawa da dusa da magani. Farar ta fi girma, ta fi ci, ta fi saurin kamuwa da tsutsar ciki da ciwon huhu, kuma in abinci ya yanke mako ɗaya ita ce ke fara zubewa. Ja kuwa ko da ɓawon rogo da ganyen mangwaro za ta rayu ta haihu. A ɗaya gefen, farar in ta samu kulawa tana daɗewa ana tatsarta, wata shida ko fiye, alhali ja takan ƙafe a wata uku zuwa huɗu. Ga mai sayar da kindirmo da ke son kada masu saye su zo su tarar babu, wannan tsawon yana da daraja fiye da kaurin ludayi ɗaya. In lissafinki ya nuna tana cin abincin jajaye biyu tana ba da amfanin jajaye biyu, kun yi canjaras a yanzu, ribar tana cikin watannin da za ta ci gaba bayan sun tsaya. In tana cin na uku, to ki sake tunani. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne gaba. Kada ganin cikar ƙwarya ya sa ku nemo bunsurun Sanen zalla ku haɗa ta da shi. 'Ya'yan za su zama kashi uku cikin huɗu Sanen, madarar ta ƙara tsinkewa, juriyar ta ƙara raguwa. Ga kiwon cikin gida a yanayinmu, rabi da rabi shi ne inda na fi ganin mutane suna cin riba. Bunsuru ruwa biyu irinta, ko mai jinin Nubiyan in an samu na gaskiya, ko ma jan bunsuru wanda uwarsa ta yi suna a madara, duk sun fi dacewa da mai kindirmo. In kuma za ki ajiye 'ya mace, ki zaɓi ta uwar da ta haɗa yawa da kamawar nono. Wanda ke zaɓe da yawa kaɗai, zuriya bayan zuriya, shi ne ke wayar gari da garke mai tsululu.

Duk wannan daga nesa nake faɗa, ban ga akuyar ba, ban taɓa hantsarta ba, kuma "ubanta Sanen ne" magana ce ta mai sayarwa. Ki gyara abinci da tatsa, ki ba ta mako uku. In kindirmonta ita kaɗai har yanzu bai kama ba, a auna madarar. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika a Zariya, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tana da sashen madara da na awaki da tumaki, Kwalejin Noma da Kiwo ta Mando kuma ta fi kusa da ke, ki fara tambaya a can. Ki nemi a gaya miki maiƙo da furotin da sukari. In maiƙo ya faɗi ƙasa da furotin, abinci ne har yanzu. In sukari ne ya yi ƙasa, a duba hantsa. In furotin ne kaɗai ya gaza, jini ne, sai haɗawa da ta jajaye. Samfurin kuma kada ki ɗiba daga farkon tatsa: ki tatse ta tas da yamma da safe, ki haɗa, ki juya sosai, ki cika ƙaramar kwalba mai tsabta, a sa ta cikin kula da ƙanƙara, ta isa a ranar.